Hausar da Ka Tsotsa a Nono

A hutun ƙarshen Disamba na shekarata ta biyu a Yamai na koma gida, na tarar da Baba a garka yana ban ruwa. Garinmu yana cikin fadamar Maggiya, ba nisa da Galmi, kuma duk wanda ya san wannan yanki ya san cewa da rani ba a neman magidanci a gida, sai a tsakanin fangalan albasa. Na durƙusa na gaishe shi, na karɓi tiyon daga hannunsa, muka ɗan jima ba wanda ya ce uffan. Ni ne ɗan fari, saboda haka tun da nake bai taɓa kiran sunana ba. Da fangalin da muke kai ya cika, sai ya ce, "Kai wannan, kawunka ya ce ka bar karatun alƙalai. Mi kaka karatu yanzu?" Na ce kimiyyar harshe. Ya ce bai gane ba. Na ce, "Baba, nazarin harsuna ne, kamar Hausa da Zabarmanci da Fulatanci." Ya dube ni tun daga sama har ƙasa, sannan ya ce, "Hausad da kat tsotsa ga nono, ita ta kat tahi Yamai koyo? Da kuɗɗin albasata?"

Ban ba shi amsa ba a ranar. Ladabi ya hana ni, amma ko da ladabi bai hana ba, ba ni da abin faɗi. Yau shekara biyu ke nan, ina shekarar ƙarshe ta lisansi, kuma tambayar ba ta bar ni ba. Abin da ya sa na ga ya dace in rubuta wannan a mujallarmu shi ne, ƙanwata ta samu BAC a bana, ta tambaye ni abin da za ta karanta, sai na ga kaina a cikinta. Na kuma san cewa a cikin sababbin ɗaliban da suka shigo sashenmu akwai waɗanda aka yi wa irin wannan tambaya a gida, wasunsu ma su ke yi wa kansu ita da dare.

Bari in fara da yadda na shiga karatun shari'a. Gaskiyar magana ita ce ban zaɓe shi ba, sunansa na zaɓa. Bayan BEPC an tura ni seri A saboda lissafi ya fi ƙarfina, ba don wani ya zauna da ni ya tambayi abin da nake so ba. A shekaru ukun da na yi a lise, ayyukan da muka sani ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba: likita, alƙali, soja, ɗan duwan, sai malamin makaranta, wanda muke ganin aikin wanda ya rasa sauran ne. Da sakamakon BAC ya fito, kawuna da ke zaune a Yamai ya kira Baba ta waya, ya ce gidanmu ba shi da kowa a kotu, yaron nan ya karanta shari'a. Baba ya amince, ni ma na amince, domin na riga na ga kaina cikin baƙar riga, mutane suna miƙewa idan na shigo. Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa tana da tsangayar shari'a, kuma ta fi kusa da gida nesa ba kusa ba, amma na ce sai Yamai. Wannan ma suna ne na bi.

Shekarar da na yi a can ba na jin daɗin tunawa da ita. Laifin ba na malamai ba ne, ba kuma na karatun ba ne, domin abokaina da suka so shi sun wuce, wasunsu suna masta yanzu. Ni dai ban taɓa tambaya ba, kafin in shiga, mene ne ɗalibin shari'a yake yi daga safe zuwa dare. Da na shiga sai na tarar da dokar tsarin mulki, da tarihin hukumomi, da sharhin hukunce-hukuncen kotu, da haddar rabe-raben da ba su motsa komai a zuciyata ba. Nakan buɗe littafi in kai ƙarshen shafi ban san abin da na karanta ba. Na faɗi a zama na farko, na sake faɗuwa a zama na biyu.

Abin da wannan shekara ta ci ba lokacina kaɗai ba ne. Manomin albasa yana samun riba ne idan ya iya haƙuri, wato ya zuba amfaninsa a rudu bayan an cire shi a watan Maris ko Afrilu, ya jira har kasuwa ta tashi, lokacin da ƴan kasuwar da ke lodi zuwa Gana da Kodebuwa suke neman ta ido rufe. A waccan shekara Baba bai jira ba. Ya sayar da rabin abin da ya samu tun a bakin garka, lokacin da buhu ba shi da daraja, don ya aiko mini da kuɗin abinci da na takardu. Ban ji wannan daga bakinsa ba, Inna ce ta gaya mini daga baya. Saboda haka idan wani ya ce mini kuskuren zaɓen karatu ba wani abu ba ne, ai ana iya sakewa, nakan yarda cewa ana iya sakewa, amma nakan tambaye shi: wa ya biya?

Yadda na faɗo cikin kimiyyar harshe kuwa, ba wani mai ba da shawara ne ya nuna mini hanya ba. Abokin ɗakina Bazabarme ne, ɗalibin wannan sashe. An ba su aikin gida a kan karin sauti, sai ya roƙe ni in riƙa furta masa kalmomin Hausa yana rubutawa. Ya ce in faɗi garin da ake zama a ciki, in faɗi garin da ake tuwo da shi. In faɗi kukan jariri, in faɗi kukar miya. In faɗi wuyan raƙumi, in faɗi wuyar aiki. Na faɗa ina dariya. Sai ya ce, "To, a rubuce iri ɗaya ne. Ina bambancin yake?" Na buɗe baki in ba shi amsa, na kasa. Kunnena ya san bambancin, harshena bai taɓa kuskurensa ba, amma ban iya faɗin cewa a wani wuri tsawon wasali ne, a wani kuma hawa da saukar murya ne ba. Ya ƙara da cewa a littafinsa an rubuta "rigar sarki", ni kuwa "rigas sarki" nake cewa, kuma ina cewa "munka tahi" a inda littafin ya ce "muka tafi". Wanne ne daidai? A wannan dare ban yi barci da wuri ba.

Daga nan na fara bin sa zuwa darasinsu a ɓoye, ina barin nawa. Abin da na lura da shi, wanda har yau nake ganin shi ne ma'aunin da ya fi kowane gaskiya, shi ne ina yin aikin wannan sashe ba tare da kowa ya sa ni ba. Nakan zauna a tashar mota ina sauraren yadda mutumin Damagaram da na Dogon Dutsi suke ciniki, ina rubutawa a bayan takardun darasin shari'a. Wanda ke kasa gama shafi ɗaya na dokar tsarin mulki sai ga shi yana kwana a kan jadawalin jam'in sunaye. Da sabuwar shekara ta zo na sake rajista daga aji na farko. Ban gaya wa Baba ba, kuma wannan shi ne kuskurena na biyu, domin da na gaya masa da kaina, da bai ji daga bakin kawu ba.

Da yau za a maimaita mini waccan tambaya ta garka, ga abin da zan ce. Kowa a garinmu yana cin albasa, amma ba kowa ya san ranar da iri ya isa dashe ba, ko ranar da za a ɗauke wa fangali ruwa kafin a cire. Ci daban, sani daban. Baba yana cewa ya sayi taki, ya sayo iri daga kasuwa, dillali ya saye buhunan duka, ya sayar da rabi, albasar bana ba ta sayu ba. Tushen kalmar ɗaya ne, amma kowane ƙarshe da ma'anarsa, kuma bai taɓa sa ɗaya a gurbin ɗaya ba. Wannan tsari ne F. W. Parsons ya rarraba zuwa giredi bakwai a 1960, kuma har yau ana muhawara a kansa. Hausar da nake jin kunyar yi a gaban ƴan birni ita ce Bernard Caron ya rubuta littafi guda a kanta, kan Hausar Adar, a 1991. Ƙamus ɗin Bargery ya fito tun 1934, ɗan ƙasarmu Abdou Mijinguini kuma ya ba mu ƙaramin ƙamus na Hausa zuwa Faransanci. Da tsotsar nono ta isa, da waɗannan mutane ba su ƙarar da shekarunsu a kan wannan aiki ba.

Haka kuma aikin ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Abdou Moumouni, wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, masanin kimiyyar hasken rana ne, amma a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya tsaya a kan cewa a koyar da yara da harsunansu. A 1966 aka yi taron Bamako kan yadda za a rubuta wasu manyan harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda aka fara koyarwa da Hausa. A 1980 masana suka taru a nan Yamai don daidaita rubutun Hausa tsakanin ƙasashe. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a makaranta, a 1999 aka tsayar da ƙa'idojin rubutun da muke bi, a 2001 doka ta lissafa harsunan ƙasa goma. A 2025 kuma kundin da ake tafiyar da ƙasa da shi ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai, kowannensu yana buƙatar masu rubuta littattafan karatu, masu ƙirƙirar kalmomin lissafi da na lafiya, masu horar da malamai, masu fassara takardun hukuma, ba da Hausa kaɗai ba, har da Zabarmanci da Tamajak da Fulatanci da Barbarci da sauransu.

Sai dai a nan dole in faɗi gaskiya, domin ba na so in yi wa wani abin da baƙar riga ta yi mini. Samuwar aikin yi daban, samuwar mai biyan albashi daban. Na bi sawun waɗanda suka gama kafinmu, na tambaye su ɗaya bayan ɗaya. Wasu suna koyar da Faransanci a kwaleji a matsayin ƴan kwantiragi. Wasu sun shiga babbar makarantar horon malamai ta ENS. Wasu suna gidajen rediyo, wasu suna aikin yaƙi da jahilci, wasu suna yi wa ƙungiyoyi fassara da binciken karkara, aiki na wata uku yau, zaman jira gobe. Akwai kuma waɗanda ke kasuwa, takardar tana cikin akwati. Abin da na gani ga waɗanda suka samu abin yi shi ne, babu wanda takardar lisansi kaɗai ta ɗauka. Wannan ya ƙware a rubutun Faransanci, wancan ya koyi harshen ƙasa na biyu, wata ta iya ɗaukar murya da juya ta a rubuce a kwamfuta ba tare da ta zubar da ƙugiyar ko da harafi ɗaya ba, wani ya dage da Ingilishi har yana karanta abin da ake bugawa a Kano da Zariya da Sakkwato. Takarda tana buɗe ƙofa ne kawai. Abin da za a tambaye ka a ciki shi ne me ka iya yi da hannunka.

Ranar da na fara ganin amfanin abin da na iya, a garinmu ne, bara da kaka. Wani shiri ya kawo wa ƙungiyar manoma injunan ban ruwa, labari ya bazu cewa taimako ne. Aka kawo takarda da Faransanci a ce kowa ya dangwala. Baba ya ce a dakata, yana da ɗan lakwal a gida. Na karanta, sai na ga ba wanda ya yi ƙarya da gangan. Kalmar da ke saman takardar, appui, ita ce aka saba fassarawa da taimako ko tallafi, a kunnen manomi kuwa taimako kyauta ne. Amma a cikin takardar an rubuta cewa za a biya kuɗin injin a cikin kaka biyu, kuma idan ɗaya ya kasa, sauran ne za su biya masa. Na kwana ina neman yadda zan faɗi wannan sharaɗi na biyu da Hausar da ba za ta bar shakka ba. Da safe a gaban dattawa na ce, "Wannan bashi ne, kuma kowa lamunin kowa ne." Wuri ya yi tsit. Abin mamaki, ɗan abin da ya rage a kaina daga shekarar shari'a shi ya taimake ni na gane sharaɗin, kimiyyar harshe kuma ta nuna mini inda fassarar farko ta zame.

Wasu suka karɓi injin, wasu suka fasa. Baba ya karɓa, da saninsa. A hanyarmu ta komawa gida ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Ashe akwai abin karatu ciki." Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Muka yi taku kaɗan, sai ya ƙara da cewa, "Amma wa ka biyan ka?" Wannan tambaya ta biyu ita ma gaskiya ce, kuma ban ga laifinsa ba.

Da ƙanwata ta samu BAC a seri D, tun kafin ta buɗe baki gari ya riga ya raɗa mata suna Likita. Ta same ni da dare ta ce, "Yaya, kai me ka gani?" Na ce ba zan zaɓa mata ba, domin an taɓa zaɓa mini. Amma na ce kada ta cika takarda sai ta samo amsar abu uku. Na farko, mene ne ɗalibin wannan fanni yake yi kullum, kuma mene ne mai wannan aiki yake yi kullum, ba ranar bikin ba da takarda ba. Na biyu, shekara nawa ne, kuma wa zai ciyar da ita a cikinsu, domin karatun likita yana cin shekara bakwai ko fiye, lisansi kuwa uku. Na uku, ina waɗanda suka gama suke yanzu, ba wanda ya fi kowa sa'a kaɗai ba, har da na tsakiya da na ƙarshe. Na kuma nuna mata cewa Yamai ba ita kaɗai ba ce. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi tana da tsangayar aikin gona da ta lafiya, Jami'ar André Salifou ta Damagaram ma tana koyar da lafiya, akwai cibiyoyin IUT masu koyar da sana'a kai tsaye, tun 2014 kuma akwai jami'o'i a Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Ba a fafe gora ranar tafiya, in ji Hausawa, mu kuwa yawancinmu a ranar rajista muke fara tambaya.

Ta nemi izini ta yi mako guda tana zuwa asibitin garinmu da safe, tana kallo tana aike. Ta zauna da ungozoma ta tambaye ta zancen aikin dare, da albashi, da yadda ake haɗa aure da wannan aiki, abin da ya fi damun Inna. Ta kuma bi malamin gona kwana biyu zuwa garake. A ƙarshe ta ce likitancin take so. Wari bai dame ta ba, jini bai tsorata ta ba, kuma tana son ta san dalilin kowane magani da aka ba mara lafiya. Zaɓinta ya zo daidai da na gari, amma ba zaɓi ɗaya ba ne. Ni na zaɓi riga, ita ta zaɓi aiki.

Zaɓinta kuwa ya taɓa nawa. Garka ɗaya ba ta iya riƙe ɗalibai biyu a birni, balle ɗaya daga cikinsu tana da shekara bakwai a gabanta. Burina shi ne in wuce masta kai tsaye, in yi nazari a kan kalmomin noman albasa a Hausar yankinmu. Amma na yanke cewa idan na gama lisansi zan nemi aikin koyarwa tukuna, in ɗauke wa Baba rabin kaya, in riƙa tara bayanaina a hankali. Na san haɗarin da ke ciki, domin na ga waɗanda suka ce za su dawo bayan shekara biyu, har yau ba su dawo ba. Ba ni da tabbacin cewa ni daban ne. Abin da nake da shi kawai shi ne, wannan karo na yi lissafin da idona a buɗe, kuma na zauna na gaya wa Baba da bakina.

Tuni na fara tara kalmomin. A hutun da ya wuce ina zaune a gindin rudu da littafina, na rubuta cewa lawashi da gabu abu ɗaya ne. Baba ya sa na karanta masa, sai ya girgiza kai. Ya ce lawashi shi ne ganyen yana ɗanye, gabu kuwa sai an daka an busar. Na soke na gyara. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ambaci wata kalma da ban taɓa ji ba, wadda ya ce kakana ne kaɗai ke faɗinta, sauran duk sun bari. Ya nuna littafin da haɓa ya ce, "Kai wannan, rubuta wagga ma, kada ta ɓace."